Bayan An Naɗe Rumfa, Wa Zai Sayi Tukwanen Ushafa?

Duk wanda ya ɗauki takardar naira ashirin ya duba, zai ga hoton marigayi Janar Murtala Muhammed a gaba, a baya kuma hoton wata mace a durƙushe tana ginin tukunya. Janar Murtala shi ne wanda gwamnatinsa ta kafa dokar soja mai lamba 6 ta watan Fabrairu, 1976, wadda ta haifi Babban Birnin Tarayya bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Ita kuwa macen, Ladi Kwali ce, 'yar garin Kwali, ɗaya daga cikin garuruwan da sabon birnin ya zo ya tarar. Watau ke nan gwamnati da kanta ta yarda cewa ginin tukwane shi ne sana'ar da ƙasar Abuja ke tinƙaho da ita. To, abin tambaya shi ne, me ƙananan hukumomin yankin ke yi wa matan da suka gaji wannan sana'a a ranakun da ba a yin biki?

Tarihin Ladi Kwali ya isa darasi. A wajen danginta ta koyi gini irin na matan Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwarawa: ba na'ura, sai hannu da yumɓu, magina tana zagaya tukunya tana ɗora ta kaɗan kaɗan, sa'an nan ta zana mata ƙadangare ko kada ko kunama ko kifi, a tara itace da ciyawa a fili a gasa. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya tara tukwanenta a gidansa, a can ne Baturen nan Michael Cardew ya gan su. Shi Cardew ya kafa makarantar koyon ginin tukwane a tsohon garin Abuja, wanda yanzu ake kira Suleja, a farkon shekarun 1950, Ladi kuma ta shiga a 1954, ita ce mace ta fari a wurin. Gwanintarta tana nan tun kafin zuwan Bature. Abin da makarantar ta ƙara mata shi ne tanderu mai zafin gaske, da ruwan ƙyalli da ake shafa wa tukunya, da albashi, da kuma hanyar kai kaya inda masu saye suke, har London. Daga nan sunanta ya tafi, Sarauniyar Ingila ta ba ta lambar girma a 1963, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Lambobin nan duka bayan kasuwa suka biyo.

Ƙauyen Ushafa, cikin ƙaramar hukumar Bwari, shi ne ya fi ko'ina suna a wannan sana'a cikin yankin Babban Birnin Tarayya. An kafa masa cibiyar ginin tukwane a farkon shekarun 1990 ƙarƙashin shirin kyautata rayuwar matan karkara na uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, Maryam Babangida. A watan Agusta na 2000 kuwa Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarci ƙauyen tare da 'yarsa, aka yi kaɗe-kaɗe da raye-raye, aka sa masa babbar riga, aka naɗa shi Ɗan Masanin Ushafa. Duniya duka ta ga hoton. Ba ƙaramin alheri ba ne, gama ƙauyuka nawa ne a Nijeriya za su ce shugaban Amurka ya taka ƙasarsu? Amma baƙon ya yini ɗaya ne ya tafi, ita kuwa magina tana bukatar mai saye kowane mako, rani da damina.

Haka abin yake ga bikin al'adu na Abuja da aka fara a 2005, inda jihohi suka riƙa kawo dawakai da dodanni da 'yan rawa. An cika tituna, masu otal da masu motocin haya sun samu, masu tsire da masu fura ma sun ɗan taɓa. Ba wanda zai ce a daina biki. Taro yana kawo ciniki, yana kuma sa maƙwabta su san juna. Illa dai an saba auna nasarar taro da yawan manyan baƙin da suka zauna a rumfa da tsawon jawabin da aka karanta. Da wuya a ji wani jami'i ya tashi bayan biki ya faɗi tukwane nawa aka sayar, ko 'yan kasuwa nawa suka bar saƙon a yi musu wasu. Shi ma rabon kekunan ɗinki da injinan niƙa da shugabannin ƙananan hukumomi suke so ƙwarai, musamman in zaɓe ya ƙarato, yakan ƙare ne da ɗaukar hoto. Matar da ta yi shekara talatin tana gina randa, a ba ta keken ɗinki, me ake so ta yi da shi in ba ta sayar ba?

Alhali kuwa aikin ƙaramar hukuma a rubuce yake. Tsarin mulki na 1999 ya ɗora mata kafa kasuwanni da tashoshin mota da mahauta da kula da su, da gyaran ƙananan hanyoyi. Ƙananan hukumomi shida na Abuja, watau Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali da ta cikin birni, suna cikin 774 ɗin da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ran 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu na asusun tarayya kai tsaye. Su kaɗai ne kuma a ƙasar nan hukumar zaɓe ta ƙasa ke shirya zaɓensu. Saboda haka talakan Abuja yana da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Bwari ma ta fi sauran sa'a. Hedkwatar makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa tana can, haka hedkwatar hukumar jarrabawar shiga jami'a. Madatsar ruwa ta Usuma, wadda birnin Abuja ke sha daga gare ta, tana kusa da Ushafa. Kowace shekara ɗalibai da iyaye da ma'aikata daga kowace kusurwa ta Nijeriya suna shiga Bwari suna fita da kuɗi a aljihu. Abin da ya kamata majalisar ta yi shi ne ta tsayar da mako guda sananne a kowace shekara don kasuwar tukwane, kwanan watan ba ya sauyawa ko da an sauya shugaba, a daidaita shi da lokacin da garin ke cike da baƙi. A gina rumfuna masu rufi a bakin hanya inda kayan za su kwana ba ruwa ya taɓa su. A kula da tanderu a taimaka da makamashi, gama itace sai ƙara tsada yake yi yayin da gine-gine ke cinye daji. Haraji kuma ya zama rasit ɗaya, sananne, wanda aka kafe farashinsa a bango. Kuɗin ciniki ya shiga hannun ƙungiyar matan da kansu, kada wani ɗan kwamiti ya tsaya a tsakani.

Akwai kuma batun wuta da zaman lafiya. A watan Disamba na 2017 gobara ta cinye kasuwar kayan gargajiya da ke tsakiyar Abuja kusa da otal ɗin da ake kira Sheraton a lokacin, inda 'yan Arewa da dama ke sayar da kayan fata da sassaƙa. A cikin wannan wata, ran Kirsimeti, rikici ya ɓarke a Bwari aka ƙona kasuwar garin. Wuta ba ta tambayi rumfar wa take ci ba. Mazauna kudu ba su bukatar a yi musu dogon bayani a kan wannan, gama sun ga abin da ya auku a kasuwar Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Majalisar da ke son tattalin arzikin unguwa ya tashi, tilas ta zaunar da shugabannin 'yan kasuwa na kowace ƙabila da sarakuna a teburi ɗaya tun kafin a yi faɗa, ta kuma tanadi ruwa da hanyar da motar kashe gobara za ta shiga.

Masu karatun wannan shafi su ma suna da hannu a ciki. Gaskiya ne roba da alminiyam sun ƙwace wa tukunyar ƙasa wuri a ɗakin girki, amma har gobe mai masa a Agege tana neman tanda, amarya a Sabon Ibadan tana neman kaskon turaren wuta, mai gidan da ba ya samun lantarki yana neman randar da za ta sanyaya masa ruwa, masu gidajen Ikoyi kuwa suna sayen tukwanen shuka furanni da tsada. Motocin da ke kawo albasa da tumatir da wake kasuwar Mile 12 da yawansu ta hanyar Abuja zuwa Lakwaja suke bi. 'Yan Arewa da suka iya kai ƙwai da kankana Ikko ba su fashe ba, ba za su kasa kai tukunya cikin ciyawa ba. Ya kamata sarakunan Hausawa na Ikko da Ibadan da Shagamu da ƙungiyoyin 'yan kasuwa su aika da wakilai Ushafa su ga kayan su ji farashi, ita kuma majalisar Bwari ta rubuta musu takardar gayyata da sunansu, da kwanan wata, tun da sauran wata uku.