Ƙamus a cikin wuri kaɗan, da abin da ya rage a wuyanmu

Maudu'in wannan mako ya ɗan fita daga labari da waƙa, amma ku yi haƙuri ku bi ni, domin ya shafi kowane harafi da muke dannawa a waya.

Sau da yawa ana kuka a wannan zaure cewa waya ba ta gyara mana rubutun Hausa yadda take gyara na Turanci. Wasu na ganin aikin ya yi wa ƙananan wayoyinmu nauyi. Ni dai ban yarda ba, kuma ga dalilina.

A shekarun 1970, a ɗakin binciken Bell Labs da ke Amurka, Douglas McIlroy ya gyara manhajar duba rubutu ta Unix a kan kwamfuta PDP-11, wadda wurin aikinta bai wuce kilobait 64 ba. Hoto ɗaya a wayarka ya ninka wannan sau da yawa. Kalmomin da yake son adanawa kuwa sun kai kimanin 30,000, ba za su shiga ba in an rubuta su harafi-harafi. Sai ya daina adana kalmomin kansu. Kowace kalma ya bi da ita ta wani lissafi da ke mayar da ita lamba, ya jera lambobin daga ƙarama zuwa babba, sannan ya ajiye tazarar da ke tsakanin kowace lamba da mai bi mata, tunda tazara ta fi lambar ƙanƙanta. Da haka kowace kalma ta ci ƙasa da bit 14, wato bai kai wurin haruffa biyu ba. Kuɗin da ya biya shi ne, kusan sau ɗaya cikin 4,000, kalmar da aka rubuta ba daidai ba takan faɗa kan lambar wata ta wuce ba a kama ta ba. Ya ga cinikin ya yi, kuma ya yi.

Akwai wata dabara da ta fi dacewa da harshenmu, bishiyar haruffa, wadda Edward Fredkin ya raɗa wa suna trie a 1960. Ku dubi rubuta, rubutu, rubutacce, rubutattu, rubuce-rubuce. Duk sun fara da "rubu". A bishiyar, sau ɗaya ake ajiye waɗannan haruffa huɗu, daga nan rassa su rabu. Neman kalma ba ya buƙatar bin ƙamus daga farko zuwa ƙarshe. Taku shida ne ga kalma mai haruffa shida, ko ƙamus ɗin na kalmomi dubu ne ko miliyan. Da irin wannan tsari waya ke iya cika maka kalma tun kana tsakiyarta.

Gaskiya Hausa tana da nata wahalar. McIlroy ya rage lodinsa ta hanyar yanke ɗafa-goshi da ɗafa-ƙeya ya bar saiwa. Mu kuwa jam'inmu ba ya bin layi ɗaya: gida gidaje, birni birane, doki dawaki, littafi littattafai. Dole a ajiye yawancinsu ɗungurungum. To, a ajiye mana. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana da kalmomi kimanin 39,000. Ko mun ƙaddara duk sigoginsu sun kai 300,000, kowace ta ci bait 8, megabait 2.4 ke nan tun kafin a matse komai.

Saboda haka wuri ba shi ne matsala ba. Abin da za a zuba a ciki ne, kuma nan laifin ya dawo gidanmu. Kwamfuta ba ta san ma'ana ba, lambar harafi take gani. A wurinta ƙasa, kasa, k'asa da qasa kalmomi huɗu ne, kowace da reshenta. Masu haɗa irin waɗannan manhajoji sukan tattara rubutun da ke intanet su ƙirga wace siga ce ta fi yawa. In littattafan da muke saki a WhatsApp da Wattpad sun cika da qasa da "dan" a madadin "ɗan", wannan za a ƙirga, shi kuma waya za ta dawo mana da shi a matsayin daidai. Mai neman labarinka da kalmar ɓarawo ma zai iya rasa shi in kai barawo ka rubuta.

Na san uzurin da ake bayarwa, kuma da can yana da tushe. Saƙon tes yana ɗaukar haruffa 160, amma da zarar ka sa ƙ guda ɗaya sai ya koma 70, kuɗin katinka ya tafi. Mutane sun koyi barin lanƙwasa ne don tsimi. Yau fa? A tsarin UTF-8 da shafukan intanet ke amfani da shi, k tana cin bait ɗaya, ƙ tana cin biyu. Littafi mai haruffa 100,000, ko da kowane harafi na goma mai lanƙwasa ne, kuma ba su kai haka ba, ƙarin bai wuce kilobait 10 ba.

Inda ban da amsa mai sauƙi shi ne 'y da ƴ. Najeriya na rubuta 'ya, Nijar na rubuta ƴa, kuma kowa na kan ƙa'idar ƙasarsa. Ita kanta alamar da ke gaban y tana da sigogi fiye da ɗaya a allon rubutu, masu kama a ido, mabambanta a lamba. Wannan aikin mai haɗa manhaja ne ya sa su duka su nufi reshe ɗaya.

Shawarata ga shugabannin zaure: a buɗe fayil guda, duk wanda ya kammala tace littafinsa ya fitar da jerin kalmominsa, kowace a layinta, da lanƙwasarta, jam'i kusa da tilo. A sa mutum biyu ko uku masu ƙamus a hannu su riƙa dubawa kafin a shigar.