Gado da Tikitin Abinci: Abin da Ɗan Ƙauye Ya Rasa a Jami'a

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare, wai ɗaliban jami'a na shekarun 1970 shagwaɓaɓɓu ne, gwamnati ta ba su ɗaki, ta ciyar da su, sa'an nan suka saka mata da bore. Mai faɗin haka galibi ɗan birni ne, wanda ko an rufe ɗakunan kwana yana da gidan kawu ko na gwaggo a cikin gari. Da zai tambayi wanda ya taso daga Anka ko Gummi ko Bukkuyum a wancan zamani, da ya ji labari dabam.

Kafin Jami'ar Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ta ɗauki ɗalibanta na farko a 1977 ƙarƙashin Farfesa Shehu Galadanci, yaron yammacin ƙasar Zamfara sai dai ya nufi Zariya ko Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano. Mahaifinsa manomi ne, guzurinsa kuwa bai wuce akwatin ƙarfe da ƙullin ƙuli-ƙuli da addu'ar iyaye ba. Bai san kowa a Samaru ba. Saboda haka gadon nan da aka ba shi da tikitin abinci su ne ainihin sukolashif ɗinsa, domin in babu su, takardar shiga jami'a ba ta da wani amfani gare shi.

Har ila yau, ɗakin kwana ya yi wani aiki da ba a cika lura da shi ba. Sashe yakan naɗa malamin da zai duba darussan da ɗalibi ya zaɓa, to amma yaron da aka rena da sunkuyar da kai gaban manya, ina ya ga bakin tambayar Dakta? Sai ya karɓi sa hannu ya fita da duhun da ya shigo da shi. Shawarar gaskiya da dare ake samunta, a bakin gadon wani ɗan ƙasarsu da ke ajin ƙarshe. Shi ne zai gaya masa ko ya haɗa Hausa da Larabci ko da fannin koyarwa, da yadda ake cika fom, da ranar da masu biyan alawus za su iso daga Sakkwato, har da malamin da ba a shiga ajinsa a makare. Ba a ce wannan shawara ba ta da aibu ba. Sau da yawa babba yakan tura ƙarami inda shi ya bi, ko da kuwa kan yaron na lissafi ne. Duk da haka, da babu gara ba daɗi.

Wannan ne ya sa rikicin watan Afrilu na 1978, wanda aka laƙaba wa sunan Kwamishinan Ilmi na Tarayya, Kanar Ahmadu Ali, ya wuce rigimar ciki. An ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abinci na kowace rana, ɗalibai suka tashi, aka rasa rayuka a Legas da Zariya. Ga ɗan babban ma'aikaci kwabo 50 kuɗin kashewa ne. Ga wanda sai an kai tunkiya kasuwar Gummi kafin ya koma makaranta kuwa, lissafi ne na zama ko barin karatu. A 1984 aka janye ciyarwar, ɗalibai suka yi ta ƙaruwa, ɗakuna ba su ƙaru daidai da su ba, haya a ƙauyukan gefen jami'a ta zama al'ada.

An ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, an kafa Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013, watau karatu ya matso kusa da gida. Amma a watan Satumba na 2023 'yan bindiga suka kwashe ɗalibanta, akasarinsu mata, daga gidajen haya na Sabon Gida, a wajen harabar jami'a. Magidanci a Bukkuyum da ya ji wannan labari, da wane ƙarfin hali zai sallami 'yarsa?

Gina ɗakuna ya fi ƙarfin sashe, wannan gaskiya ne. Amma bai fi ƙarfin malamin da aka ba amanar sabon ɗalibi ba ya tambaye shi inda yake kwana da wanda yake kwana tare da shi, kafin ya sa hannu a fom ɗinsa.