Karen da ba ya dawowa in an kira shi bai gama zama karen farauta ba

1/ Bari in faɗi abin da wasu 'yan farauta ba za su so ji ba: gudu da kama zomo kowane kare mai jini a jika zai iya. Gwanin kare shi ne wanda yana tsakiyar bin nama, ka kira shi, ya juyo. Kuma a wannan aikin usur ya fi ihu nesa ba kusa ba. Ku biyo ni 🧵

2/ Ku dubi farautar rani. An yi gayya, karnuka rututu, ga kiɗa, ga kirari, kowa na ƙwala wa nasa kira. Iska na kaɗawa, muryarka ta dishe tun kafin azahar. A cikin wannan hayaniyar ta yaya Duna zai tsinci muryar ubangidansa?

3/ Sannan murya tana tona asiri. In ranka ya ɓaci, kare ya ji a kiran, sai ya tsaya can nesa yana lissafin dukan da zai sha. Usur ba ya fushi, ba ya gajiya. Yadda ya yi ƙara da safe haka zai yi da yamma.

4/ Kunnen kare ma ya fi dacewa da shi. Mutum yana jin sauti har zuwa wajen Hertz 20,000, kare kuwa ya haura 40,000. Siririyar ƙarar usur ba ta yi masa wuyar kamawa.

5/ A Birtaniya masu farautar tsuntsaye da karnuka sun daɗe a kan wannan. Kamfanin Acme na Birmingham yana yin usur mai lamba 210.5 da 211.5, kowace lamba da ƙararta da ba ta canzawa. In naka ya ɓata ka sayi irinsa, kare ba zai ji bambanci ba.

6/ Tsarinsu mai sauƙi ne: busa ɗaya doguwa, tsaya. Gajeru a jere, dawo. Ba sai ka yi odar nasu ba fa. Na roba na kasuwa ma ya isa, in dai shi ɗin za ka riƙe kullum.

7/ Amma usur ba laya ba ne. Tun yana ɗan kwikwiyo ake farawa, a tsakar gida. Za ka ba shi abinci? Busa tukuna, sannan ka ajiye kwano. Kullum haka, har ƙarar ta zame masa albishir.

8/ Daga nan sai fili, da doguwar igiya a wuyansa. Ka busa, ya zo, ka ba shi ɗan nama ko ƙashi, ka shafa kansa, ka sake shi ya koma wasansa. In kowane kira ɗauri ne ke biyo baya, zai gane, zai daina zuwa.

9/ Doka biyu. Kada ka yi ta busawa alhali ka san ba zai zo ba, koya masa raina usur kake yi. Kuma kada ka taɓa dukan karen da ya dawo, ko da ya makara. Shi abin da ya fahimta: na zo, an dake ni.

10/ Wani zai ce, to in kowa ya sayi usur ai an koma gidan jiya. Gaskiya ne, in salon busar ɗaya ce. Kowa ya ware tasa: wani uku gajeru, wani biyu da doguwa ɗaya. Kare na rarrabewa.

11/ Me ya sa na damu? Karen da ba ya jin kira shi ne ke afkawa garken tumakin makiyaya, ko ya kutsa lambun wani, ko ya bi zomo har kan kwalta. Rigimar da tunkiya ɗaya za ta haifar a daji, kun san ba ta tsayawa a kan tunkiya.

12/ Ko ta fuskar addini, aya ta 4 a Suratul Ma'ida a kan horarrun dabbobin farauta ta yi magana. Cikin alamomin horo da malaman fiƙihu suka kawo akwai: in an sake shi ya tafi, in an tsawatar masa ya tsaya.

13/ Don haka kafin ka cika mana baki da yawan zomayen da karenka ya kama bana, busa masa sau ɗaya yana cikin gudu mu gani. Masu karnuka, da me kuke kiran naku: usur, fito ko ƙaho? Ku faɗa mana a ƙasa.