A Auna Kafin a Saya

Duk wanda ya bi hanyar Bompai ko Sharada ko Challawa da sassafe, sa'ad da ma'aikata ke tafiya masana'antu, in ya leƙa cikin motoci zai ga da yawansu wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai siffar inji tana ci a gaban direba. Waɗansu sun manna mata baƙin tef, waɗansu kuwa an cire musu ƙwan ɗungum don hankalinsu ya kwanta. Mu dai a ganinmu wannan toshe bakin mai kawo rahoto ne, kuma malaman ofis da na makaranta masu ɗan albashi su ke biyan tarar a gidan mai, balle tun da aka janye tallafin fetur ran 29 ga Mayu, 2023.

Bari mu ɗauki ciwo guda cikin waɗanda kan kunna fitilar nan. A zamanin En'e motar kafireto ake hawa, bakanike kan daidaita ta da sukuddireba da kunnensa. Ta yanzu kuwa ƙwaƙwalwa gare ta, da wani ɗan aike ɗaure a bututun salansa, watau sensa mai sansanar iskar oksijin da ta rage cikin hayaƙi. Kamfanin Bosch na Jamus ya ƙera shi, Volvo ta fara sa shi a mota cikin 1976. Da labarinsa ƙwaƙwalwa ke auna mai, yadda nauyi ɗaya na fetur zai sami nauyi 14.7 na iska. To, amma ba ya iya ba da labari sai zafinsa ya wuce digiri 300, saboda haka aka sa masa 'yar hita a ciki, irin ta dutsen guga. In hitar ba ta sami wuta ba, ƙwaƙwalwa sai ta yi ta zuba mai bisa kintace, musamman da safiyar hunturu da lokacin da mota ke tsaye cikin cunkoso.

Tun 1996 dokar Amurka ta wajabta wa motoci kafar da za a jona na'ura a karanta ciwonsu, 'yan Kwatano da mu ke hawa kuwa galibi suna da ita. In na'ura ta nuna P0135, hanyar hitar sensan gaba ce. In P0141 ce, ta na baya ce, wanda aikinsa gadin matatar hayaƙi ne. A nan fa ake yin ɓarna. Lambar ba ta ce sensa ya mutu ba, cewa ta yi wuta ba ta zagayawa daidai. Amma sau da yawa kafin mai mota ya gama sallama an aiki yaro Ƙofar Ruwa ya sayo wani, a ɗaura, bayan kwana biyu fitila ta dawo.

Ga abin da ya kamata mai mota ya tsaya a yi a gabansa. A fara duba fis, don shi ya fi kome araha. Sa'an nan a zare filogin sensa, a murza makulli, a sa mita a ga ko wutar batir, wajen bolt 12, tana isowa. Daga nan a auna tsakanin wayoyin hita biyu, waɗanda galibi launinsu ɗaya: lafiyayyar hita kan nuna om kaɗan, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. In mita ta nuna hanya a yanke, to, sensa ya mutu, a sayo wani ba gardama. In kuwa hitar lafiya lau, sai a bi waya, ko ta narke a jikin salansa, ko ɓera ya ci ta, ko kuwa ruwan kwatamin da ke kwanciya a titunan masana'antu da damina ya sa filogi tsatsa.

Kada kanikawa su ɗauka muna zarginsu ne; wanda bai taɓa riƙe mita ba, ina zai san abin da ta ke faɗi? Tun 1971 gwamnati ta kafa asusun horar da ma'aikata na ITF, masana'antu kuwa suna zuba masa kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin albashinsu. Muna roƙon masu masana'antun Bompai da Sharada da Challawa su nemi a buɗe ajin yamma a makarantun koyon sana'a da wani abu daga cikin kuɗin nan, a koya wa yaran gareji karatun mita da na'ura, da Hausa, kowane yaro kuma ya fita da mitarsa a hannu.