Jirgi ɗaya, masu shi ashirin: Tarar makara ba ta dace da kulob ɗin matuƙa ba

A Amurka da Birtaniya akwai mutane da yawa da ke tuƙa jirgin sama ba don albashi ba. Wani likita ne, wani malamin makaranta, wani ɗan fansho. Ran Asabar sai ya nufi ƙaramin filin jirgin da ke bayan gari, ya tashi na awa ɗaya ko biyu, ya dawo gida kafin la'asar.

Da yawansu ba su da ƙarfin sayen jirgi su kaɗai. Sai mutum goma ko ashirin su haɗa kuɗi su kafa kulob, su sayi jirgi mai kujera huɗu irin Cessna 172, wanda aka fara sayarwa tun 1956, su riƙa karɓa-karɓa.

Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fayyace abin da take kira kulob ɗin matuƙa. Ba na neman riba ba ne, haƙƙin kowane mamba a kan jirgin daidai yake da na ɗan'uwansa, kuma kuɗin da ake tarawa kada ya wuce na gudanarwa da gyara da sauya jirgi in ya tsufa. Ba a yarda kulob ya koma ɗaukar fasinja don kuɗi ba. Sauran ƙa'idojin zaman tare kuwa, mambobi ne ke rubuta wa kansu.

A nan gizo ke saƙa. Mutanen da suka haɗa dukiya sun fi damuwa da kada wani ya ci da gumin wani, don haka kundin dokokinsu kan cika da tara. Wasu daga cikin tarar nan suna da kyau. Amma akwai guda biyu da ya kamata kowane kulob ya goge daga kundinsa: hukunta wanda ya makara saboda yanayi, da tsananta wa wanda ya kawo rahoton kansa bayan ya yi ɓarna.

Dokokin kuɗi ba su da wata gardama. Kowane mamba yana biyan kuɗin wata ko ya tashi ko bai tashi ba, domin inshora da hayar rumfar ajiye jirgi da binciken shekara-shekara da doka ta wajabta ba sa jiran kowa. Sannan kowa ya biya kuɗin awannin da ya yi. A cikin kuɗin awa ake ware wani kaso a ajiye saboda inji, tun da kamfanin Lycoming, mai ƙera injinan irin waɗannan jirage, ya ba da shawarar a yi wa da yawansu garambawul bayan kimanin awa 2,000. Kulob ɗin da bai tara wannan kuɗi tun daga awar farko ba, ranar da injin ya cika sai dai a bi mambobi da ƙoƙon bara.

Dokokin layi ma haka. Yawancin kulob suna ƙayyade sau nawa mutum zai kama lokaci a gaba, don kada mai shiri da wuri ya cinye duk Asabar ɗin bazara. Wanda zai kwana da jirgi a wani gari kuma ana ɗora masa mafi ƙarancin awanni a kowace rana, don kada jirgin jama'a ya yi mako a ajiye a garin surukansa. Wannan adalci ne.

Tsanani a kan cancanta shi ma wajibi ne. Dokar Amurka ta ce matuƙi ba zai ɗauki fasinja ba sai in ya tashi ya sauka sau uku cikin kwana 90 da suka wuce, kuma duk wata 24 sai malami ya sake duba tuƙinsa. Kulob da dama suna ƙara nasu sharaɗin a kan na hukuma: in ka daɗe ba ka taɓa jirgin ba, sai ka fita da malami tukuna, ko da kai ne ka kafa kulob ɗin. A nan bai kamata a ji kunyar kowa ba.

To, me ya sa makara ta bambanta?

A ɗauka mamba ya tafi wani gari mai nisan awa biyu, da alƙawarin dawo da jirgi ƙarfe huɗu, domin wani ya kama shi daga ƙarfe biyar. Da azahar sai gajimare ya sauko, ko hazo ya rufe hanya. Wannan matuƙi, kamar da yawa daga masu tuƙin sha'awa, lasisinsa na tashi da ganin ido ne, bai koyi tuƙi da na'urori kaɗai a cikin gajimare ba. Duk wanda ya ga yadda hazon hunturu ke hana manyan jirage sauka a Kano ya san abin da ake nufi da rashin ganin gaba. Matuƙin da bai da horo in ya shiga irin wannan duhu, cikin ɗan lokaci kunnensa da jikinsa za su fara yi masa ƙarya, ya ji kamar a miƙe yake alhali jirgin ya karkata yana gangarowa.

Yanzu a ɗora wa wannan mutum tara a kan kowace awa da ya makara, da kuɗin kwana ɗaya na dole, da fushin ɗan'uwan da ke jira a fili da iyalinsa. Dama ɗokin isa gida cuta ce da masu binciken haɗurra suka daɗe da sanin ta. Kulob ɗin da ya ƙara mata tara ya sa kuɗi a ma'aunin da bai kamata a sa komai ba sai yanayin sama. Dokar da ta dace gajeriya ce: in yanayi ya ɓaci ka zauna inda kake, ka kira ka sanar, babu tara, babu tambaya. In da hali ma kulob ya taimaka da kuɗin ɗauko jirgin daga baya.

Hatta agogon da ake lissafi da shi yana da tasiri a hali. Na'urar Hobbs tana ƙirga lokaci tun da aka tayar da inji, ko jirgi na tsaye. Ɗaya agogon kuma yana bin saurin juyawar inji ne, don haka a ƙasa tafiyarsa a hankali take. Wanda ake caja da Hobbs yana da dalilin gaggauta gwajin inji kafin tashi. Sauri kuwa ya kan haifi nawa.

Batu na biyu ya fi wannan wuyar haɗiya. Mamba ya sauko da ƙarfi har ƙafar gaba ta bugu, ko farfela ta taɓa ƙasa. Daga waje jirgin na iya zama lafiya lau. Amma bugun farfela na iya barin illa a cikin inji, shi ya sa Lycoming ya ce a buɗe a bincika bayan irin haka, aikin da ke cin kuɗi mai yawa. In dokar kulob ita ce duk wanda ya yi ɓarna zai biya komai daga aljihunsa, a dakatar da shi, a kuma karanta sunansa a taro, to an koya masa ya kulle jirgi ya yi shiru. Wanda zai hau gobe da 'ya'yansa shi ne zai biya.

Harkar jiragen sama ta koyi wannan darasi da jini. Ranar 1 ga Disamba 1974, jirgin kamfanin TWA mai lamba 514 ya daki wani tsauni a jihar Virginia yana shirin sauka a filin Dulles, mutum 92 suka mutu. Bincike ya gano cewa makonni shida kafin nan matuƙan wani jirgin United sun kusa dukan tsaunin saboda irin wannan rashin fahimtar umarnin sauka. Sun kai rahoto a cikin kamfaninsu, amma labarin bai isa ga sauran kamfanoni ba. Daga nan ne a 1976 aka kafa tsarin kai rahoto a asirce ƙarƙashin NASA, inda matuƙin da ya faɗi kuskuren da bai yi da gangan ba cikin kwana goma zai iya samun sassaucin hukunci. In gwamnati ta yarda cewa labarin kuskure ya fi tarar kuskure daraja, mutum ashirin da suka san juna ba su da hujjar ƙin yarda.

Masu adawa da wannan ra'ayi suna da magana mai ƙarfi. Za a samu wanda zai fake da hadari ya ƙara kwana a bakin teku. Za a samu mai sakaci da zai riƙa ɓarna yana cewa ai na faɗa. Kuma ba daidai ba ne mai kula ya riƙa biyan kuɗin gangancin wani.

Gaskiya ne, amma duk waɗannan suna da magani ba tare da tara ba. Rahoton yanayi na filayen jirgi a rubuce yake, ana iya duba shi daga baya, kuma wanda uzurinsa ya zama na kullum, kwamiti zai iya zama da shi. Ɓarna kuwa, a ƙayyade abin da mamba zai biya, misali kason farko da inshora ba ta ɗauka, ya san iyakarsa tun ranar da ya shiga. Sauran ya fito daga asusun da kowa ke zubawa. Ganganci, kamar tashi da ƙarancin mai ƙasa da ajiyar minti 30 da doka ta gindaya da rana, ko shawagi ƙasa-ƙasa a kan gidan abokai, wannan a hukunta shi.

Kora kai tsaye kuma a tanade ta ga mutum ɗaya: wanda makanike ya gano ɓarnarsa alhali bai rubuta ta a littafin jirgi ba.