Ƙiriniya ko Larura? Magana a kan Yaron da Ba Ya Zama Wuri Ɗaya

Da wuya a sami makarantar allo a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango da ba ta da irinsa. Malam yana biya karatu, shi kuwa idonsa na bakin ƙofa. A aike shi sayen koko da ƙosai, ya dawo da kuɗin a hannu yana tambayar me aka ce ya sayo. Sunayensa a bakinmu suna da yawa: mai ƙiriniya, mai kunnen ƙashi, gagararre. Maganinsa kuwa biyu muka sani: bulala, in ta kasa a ce aljanu ne.

Ya kamata mu sani cewa daga cikin waɗannan yara akwai masu larurar da likitoci ke kira ADHD, wato ƙarancin natsuwa da yawan motsi. Ba sabon abu ba ne: tun a 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin irin waɗannan yara. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna tana shafar kusan yara 5 cikin 100, don haka ajin yara 40 zai iya samun biyu. Tushenta na ƙwaƙwalwa ne, a sashen da ke riƙe hankali wuri ɗaya da taka wa zuciya burki, kuma gado na da babban rabo a ciki. Sau da yawa uban da ke ɗaga bulala, shi ma haka aka yi fama da shi yana ƙarami.

Ba kowane mai rawar kai ne ke da ita ba. Likita yakan duba ko alamun sun bayyana kafin shekara 12, ko sun kai wata 6, ko ana ganinsu a gida da makaranta duka, kuma ko suna hana yaron ci gaba. Yunwa, ƙarancin barci, raunin ji ko gani, duk suna iya kama da ita. Akwai kuma wadda ba ta tayar da ƙura: yarinyar da ke zaune shiru, jikinta na aji, hankalinta na Kejetia. Ita daƙiƙiya muke ce mata, mu wuce.

Abin da ya fi ɗaga mana hankali shi ne, girma ba ya kore larurar ga mutane da yawa. Gudun ƙafa yakan lafa, na zuciya ya ci gaba. Shi ne telan da hannunsa ke da kyau amma ɗinkin Sallah ba ya fita kan lokaci. Shi ne saurayin da ya fara koyon kanikanci a Suame Magazine, ya bari ya koma tuƙa pragya, ya sake bari. Ita ce matar da tuwo ke ƙonewa a hannunta, har dangin miji su ce sakarci ne. Wanda ya tashi kullum ana ce masa ba zai yi albarka ba, wata rana zai yarda. An kuma tabbatar cewa masu wannan larura, in ba a kula da su ba, sun fi saurin barin makaranta da faɗawa shaye-shaye. Mu da muka ga abin da tramadol ya yi wa samarinmu ba ma bukatar dogon bayani.

Wani zai ce wannan hanyar lalata tarbiyya ce, ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ne, amma tanƙwarawa daban, karyawa daban. Yaron nan yana bukatar tarbiyya fiye da kowa, sai dai wadda ta dace da shi: umarni ɗaya a lokaci ɗaya, ana kallon idonsa, zama a gaban malam, hadda aya biyu ko uku, a huta, a dawo, yabo nan take in ya yi daidai, lokacin barci tsayayye. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma taka ƙofarsa ba shaidar hauka ba ce. Akwai magani irin methylphenidate da ke taimaka wa da yawa, amma likita kaɗai ke rubuta shi. Michael Phelps na Amurka, mai lambobin zinare 23 na ninƙaya a Olamfik, an gano yana da larurar tun yana yaro.

Ghana ta kafa dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2012 da manufar ilimi ga kowane yaro a 2015, amma doka ba ta zama a zauren makarantar allo. Aikin namu ne: limamai su ambata a huɗuba, malamai su kira iyaye a zauna kafin a kori yaro, sarakunan Zango su gayyato ma'aikatan lafiya. A Zango ɗa na kowa ne, har da wanda ya fi ba mu wahala.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu haƙurin fahimtarsu.