Digiri a hannu ɗaya, albashin banki a ɗaya hannun: me ya hana a yi haka a Kaduna?

Yau ba saitin waya za mu taɓa ba, ba kuma dabarar rage shan data ba. Maganar aiki ce, kuma ra'ayina ne.

A Ingila akwai wani tsari da aka fara a 2015. Yaro ya gama sakandare, maimakon ya tafi jami'a ya ci bashin kuɗin makaranta da ya haura fam 9,000 duk shekara, sai banki ya ɗauke shi aiki a sashen kwamfuta. Galibi kwana huɗu a mako yana ofis, kwana ɗaya na karatu ne. Ana biyansa albashi, kuɗin makaranta kuma ba daga aljihunsa yake fita ba. Bayan kamar shekara huɗu ya fito da digiri na gaske daga jami'a, haɗe da gogewar aiki ta shekara huɗu. Bankuna irin su Barclays da Lloyds da JP Morgan duk suna ɗaukar irin waɗannan yara. Kuɗin daga ina? Tun 2017 duk kamfanin da albashin ma'aikatansa ya wuce fam miliyan 3 a shekara, dole ya biya kashi 0.5 cikin ɗari a matsayin harajin koyon aiki. In ya ɗauki masu koyo sai ya ci moriyar kuɗinsa, in bai ɗauka ba bayan wani lokaci kuɗin sun tafi ke nan. To wa zai zuba ido?

Kar ka ɗauka hutu ne. Mai wannan rayuwa ba shi da dogon hutun ɗalibai, hutun ma'aikaci gare shi. Da rana yana gyaran manhajar da miliyoyin mutane ke tura kuɗi da ita, da dare yana rubuta aikin makaranta. Sa'o'insa na can suna hira a ɗakin kwanan ɗalibai, shi yana gaban oga yana bayanin abin da ya sa aiki bai kammala ba. Amma ranar da zai karɓi takardarsa, babu mai ce masa "muna neman wanda ya yi shekara biyu yana aiki". Wannan jimla ita ta kashe gwiwar dubban yaranmu da suka gama KASU da Kadpoly da ABU.

Abin da ke damuna shi ne, in akwai inda bai kamata wannan tsari ya zama baƙo ba, to Kakuri ce. Masaƙar KTL ta fara aiki a nan tun 1957, zamanin gwamnatin Sardauna. Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya, aka kafa DICON a 1964, Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975. Tambayi dattawan Makera ko Kurmin Gwari yadda suka iya aiki, da yawansu za su ce maka sun shiga masana'anta ba su san komai ba, a gaban inji aka koya musu, kuma ana biyansu ƙarshen wata. Haka aka samu injiniyoyin da har yau in janareto ya gagara su ake nema. KTL ta rufe a 2002, sauran masaƙun suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ka bi titin Kachia ko ka leƙa Kasuwar Monday, jikokin waɗancan ma'aikata ne zaune ƙarƙashin lema da na'urar POS. Masana'antar da ta rage wadda ke taɓa kowane gida kullum ita ce ta tura kuɗi, amma yaranmu a bakin ƙofarta kawai suke, ba su shiga ɗakin inji ba.

Kuma ba wai ba mu da kayan haɗin ba. Hukumar ITF tana nan tun 1971, manyan kamfanoni na biyanta kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatansu domin horo. Hedikwatar NBTE, mai kula da kwalejojin kimiyya da fasaha na ƙasar nan baki ɗaya, a cikin garin Kaduna take. Ita da Kadpoly ma sun riga sun nuna ana iya haɗa makaranta da wurin sana'a, tunda sun shiga Panteka suna bai wa masu koyo takardar shaidar ƙwarewa. Abin da muke da shi mafi kusa ga ɗaliban kwamfuta shi ne SIWES, 'yan watanni a tsakiyar karatu. Wanda ya yi ya san yadda take ƙarewa a wurare da yawa: a aike ka sayo abinci, ka yi fotokwafi, a sa maka hannu a littafi. Ba laifin ogan ba ne kaɗai. Wa zai ɓata lokaci ya koya wa wanda zai tafi nan da wata shida?

Na san abin da ma'aikacin banki zai ce: yaro ɗan shekara 18 za ka bai wa mabuɗin asusun jama'a? Ai babu mai yin haka ko a Landan. Kowane banki yana da kwafin tsarinsa na gwaji, mai kuɗin bogi da sunayen bogi, a nan sabon shiga ke wasa har hannunsa ya faɗa. Wani zai ce in ka horar da su guduwa waje za su yi. To ai waɗanda aka ɗauko da manyan digiri ma sun gudu, kowa ya ga yadda ƙwararrun kwamfuta suka riƙa barin bankuna suna tafiya Ingila da Kanada. Yaron da ka ɗauko daga Kakuri, ka biya masa makaranta, kuka yi yarjejeniya a rubuce cewa zai yi maka shekara kaza, iyayensa na nan, ya fi wuyar tsigewa. Kuma ba dole sai a Legas ba. Aikin lura da na'urorin ATM, da gyaran POS, da bin sawun kuɗin da suka maƙale, ana iya yinsa daga Kaduna.

Amma tunda bankuna ba su fara ba, kuma shekaru ba sa jiran kowa, shawarata ga mai sha'awa ita ce ya haɗa nasa da kansa.

Fara da takardar da POS ɗinka ke fitarwa. Yawancinmu muna yage ta mu jefar, alhali littafin karatu ce. In ka ga lamba 51, kuɗin asusun ne ba su kai ba. 55 na nufin an danna PIN ba daidai ba. 91 kuwa, wadda ta fi ba mu ciwon kai, tana nufin bankin mai katin ko kamfanin da ke tsakani bai amsa ba. Waɗannan lambobi ba mai POS ne ya ƙirƙiro su ba, daga wata ƙa'ida suke mai suna ISO 8583, wato yaren da na'urar kati ke magana da banki a duniya. Akwai kuma RRN da STAN a jikin takardar, su ne lambobin da ake bin sawun cinikin da su in an cire kuɗi ba su shiga ba. Tiransifa kuma hanyarta daban: daga manhajar wayarka zuwa sabar bankinka, daga nan zuwa NIBSS, ita ke miƙa wa bankin wanda ka tura wa. Duk inda igiyar ta tsinke, sai wani mutum ya zauna ya gwada lissafin ɓangarorin biyu ya gano inda kuɗin suka tsaya. Wannan mutumin albashi ake biyansa. Kai da ka shekara biyu kana rigima da kwastoma kan alat ɗin da bai shigo ba, ka fi ɗan jami'a sanin yadda matsalar take a ƙasa. Abin da ya fi ka shi ne sunayen abubuwan da kuma takarda.

Daga nan sai Excel, ka iya shi sosai, ba iya zana tebur ba. Sai SQL, yaren da ake tambayar rumbun bayanai da shi, domin duk asusun banki a rumbun bayanai yake zaune. Python ta biyo baya, kar ka yi gaggawa. Za ka iya fara kallon darussa a waya, amma gaskiya sai ka nemi laftof, ko ta hannu ce. Masu ce maka waya kaɗai ta isa har ka samu aiki suna son ka ci gaba da kallon bidiyonsu ne kawai. In an buɗe rajistar 3MTT, shirin gwamnatin tarayya da aka fara a ƙarshen 2023, ka cike, kyauta ne.

Ɓangaren takarda kuma, jami'ar NOUN tana da cibiyar karatu a Kaduna, kuma an gina ta ne don mai aiki. Akwai kuma karatun yamma da na ƙarshen mako a wasu makarantu. Abu ɗaya ka tambaya kafin ka biya ko sisi: matsayin bautar ƙasa. Masu karatun da ba na cikakken lokaci ba, ba a tura su NYSC, takardar cirewa ake ba su, kuma gara ka san haka tun farko da ka ji a ranar intabiyu.

Sai aikin kansa. Ka matsa daga lema zuwa ciki ko da taki ɗaya ne. Kamfanoni irin su Moniepoint da OPay da PalmPay suna da masu raba na'ura da masu kula da wakilai a unguwanni. Bankuna na ɗaukar ma'aikatan kwantiragi ta hannun wasu kamfanoni don lura da ATM da taimaka wa kwastoma kan manhaja. Albashin ba wani abin a zo a gani ba ne, kuma haɗarinsa shi ne mutum ya shekara goma a kwantiragi ba ƙarin girma. Shi ya sa nake cewa kar ka shiga sai da karatu a gefe da kuma wa'adin da ka ɗibar wa kanka. 'Yan'uwa mata, wannan hanya ta fi muku sauƙi fiye da yadda ake zato, domin bin sawun lissafi da gwajin manhaja aikin zama ne da natsuwa, wasu ma daga gida ake yi.

Ka kuma riƙa rubuta abin da ka warware. Littafi ɗaya: ranar kaza, matsala kaza, lamba kaza ta fito, ga yadda aka yi kuɗin suka dawo. Ba sunan kwastoma, ba lambar asusunsa. Ranar da aka ce maka "wace gogewa gare ka", shi za ka buɗe.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi kawo ƙarshen yara a wannan layi. Da zarar an san kana kusa da harkar banki, za a fara zuwa maka: ara mana asusunka kuɗi za su shigo mu ba ka kaso, duba mana lambar wayar da ke kan wannan asusun, karɓar mana lambar sirrin da aka turo wa wane. Tun da aka kawo BVN a 2014, duk asusunka a ɗaure suke da yatsunka, kuma akwai jerin sunayen da ake sa BVN ɗin da aka kama da zamba, wanda bankuna ke iya dubawa. Sunanka ya shiga nan, ko ka zo da digiri mai daraja ta ɗaya da SQL a ka, da wuya wani banki ya bar ka ka zauna gaban kwamfutarsa.